Ɗan Ɗacin Gidan Alhaji Sanda

Ranar da na fara ganin hannun Mansur yana rawa, ƙuli-ƙuli ya zo karɓa a gidana. Da hantsi ne, ya dawo daga feshi, rigarsa sharkaf da gumi tana warin maganin ciyawa. Na miƙa masa kofin ruwa, kafin ya kai baki rabi ya zube a ƙirjinsa.

"Lafiya, Mansur?"

"Lafiya lau, Inna. Ɗan ɗacina ne ya ƙare tun a gona. Da na sha zai bari."

Mansur ɗan yayata Amatullah ne, ɗanta na fari, shekararsa goma sha takwas a lokacin. Ubansa Alhaji Sanda ne mai shagon taki da maganin feshi a garinmu, nan gefen Tsiga. Alhaji mutum ne mai dabarar ciniki. Duk manomin da ya sayi magani a wurinsa, ɗansa ne zai je ya fesa masa. Saboda haka daga saukar ruwan farko har wake ya yi fure, injin feshi ba ya sauka daga bayan Mansur. Ba takunkumi, ba safar hannu, ba takalmin roba, alhali duk suna rataye a shagon ana sayar wa wasu. Abin da Alhaji ya tanadar wa ɗansa shi ne ɗan ɗaci.

Wata 'yar leda ce da ba ta cika tafin hannu ba, da hoton saiwa da ganye a jiki, ruwan ciki baƙi-baƙi. Kwali-kwali Alhaji yake ɗauko ta daga Funtua. Da can idan mutum ya gama feshi nono yake sha, wai ya wanke masa ƙirji. Alhaji ya ce nono ya zama tsohon yayi, wannan shi ne yake bin jijiya ya kori dafin. Da idona na ga ya yage bakin ledar da haƙorinsa ya miƙa wa yaron, tun yana ɗan shekara goma sha biyar, yana yamutsa fuska uban yana cewa, "Shanye, namiji ba ya tsoron ɗaci."

Ya kuwa shanye. Daga leda ɗaya bayan feshi aka koma kafin feshi da bayan feshi, daga nan sai duk lokacin da jiki ya nema. Rani ya zo, ba feshi, amma ɗan ɗaci bai tafi hutu ba.

A daminar da nake ba da labari yaron ya fara zubewa. Da safe sai ya yi ta kakarin amai a bayan ɗaki. Tuwo ya koma loma biyu. Yaron da yake shigowa gidana da tsokana, yana cewa ƙulina ya fi dutsen niƙa tauri, ya koma shiru-shiru, abu kaɗan ya harzuƙa. Yaya Amatullah tana gani, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Kunya ta ɗaure mata baki. Sai dai ta ja ni gefe ta ce, "Zakiyya, ki duba yaron nan, kamar ba ya jin daɗi." Ni na sha jin haushin wannan kunya, amma ban taɓa tsanarta kamar a shekarar nan ba.

Da idonsa ya koma rawaya, Gwaggo Ladidi, yayar Alhaji da take zaune a gidan, ta ɗaga masa fatar ido da ɗan yatsa ta yanke hukunci.

"Shawara ce. Ita kuwa ba ta da magani sai ɗaci. Ga shi Allah ya kawo mana har gida, a ƙara mashi."

Aka ƙara masa. Har a kan tabarma ake ajiye masa, kusa da butar alwala.

Na sami Alhaji a zaure na gaishe shi, na ce a kai yaron nan asibiti.

"Zakiyya ke nan," in ji shi, yana 'yar dariya. "Ƙwari sun sauka a wake, mutane sun sayi magani suna jira. Feshi ba ya jiran asibiti. In an kwana biyu ma ji da shi."

"Alhaji, ƙafarsa ta fara kumbura."

"Tsayuwa ce. Ni da na haife shi na fi ki sanin jikinshi."

Aka kwana biyu, aka kwana da yawa. Wata safiya na hango Mansur zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, injin feshi a gefe, ya kasa ɗaga shi. Ban nemi izinin kowa ba. Na yafa mayafi, na tare ɗan acaɓa, muka tafi ɗan asibitin garinmu.

Malam Almustapha ne a bakin aiki, ma'aikacin lafiyar da yake duba mu. Ya danna cikin Mansur ta dama, yaron ya yi ƙara. Ya ɗebi jini. Sannan ya matso kusa da bakinsa, ya shinshina.

"Samari, me kake sha?"

"Ba na shan komai, Malam. Ko taba ban taɓa sha ba. Sai magani."

"Wane magani?"

Mansur ya zaro leda daga aljihu. Malam Almustapha ya yage ta, ya tsiyaya a wani ɗan faranti na ƙarfe, ya ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta tashi a kan ruwan tana lilo. Ƙofar a buɗe take, mutanen da suke zaune a benci duk suka miƙo wuya.

"Ruwan saiwa ba ya cin wuta," in ji shi a hankali. "Wannan giya ce, kuma mai ƙarfi, ta fi ta kwalba da kuke jin labari. An zuba mata ɗaci ne don a ce magani. Ba ta wanke komai a ƙirji. Ana ta faɗa a rediyo, amma da yake ba a kiran ta da sunanta a nan, kowa yana ganin ba da shi ake ba."

Da sakamakon jinin ya fito, Malam Almustapha ya ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jikin yaron, mai yiwuwa tun yana ƙarami. Mutane da yawa suna rayuwa da ita, in ji shi, amma mai ita bai kamata ko ɗigo ya shiga bakinsa ba, balle yaro da jikinsa bai gama ƙwari ba, balle kullum, ga kuma maganin feshi yana shaƙa. Ya ce a kai shi babban asibiti a Funtua a kwantar da shi, yau ba gobe ba. Ya kuma ja kunnenmu cewa kada ya yanke sha gaba ɗaya a gida shi kaɗai, domin jikin da ya saba zai iya birkicewa, sai a gaban likita.

Mansur bai ji rabin wannan ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa.

"Giya, Malam? Ni?" Ya dube ni. "Inna, da ita a cikina nake shiga masallaci. Har azumi da ita nake buɗe baki."

"Ba ka sani ba," na ce.

"Baba ya sani?"

Na miƙe na gyara mayafina, na ce ya taso mu tafi gidansu.

Alhaji bai bari na gama bayani ba. Ya miƙe tsaye a tsakar gida, babbar riga tana jan ƙasa.

"Giya a gidana? Ni Sanda? Wani yaro da ya yi karatun allura shekara biyu shi zai ce ina ba ɗana giya? Ke kuma wa ya aike ki?"

"Ciwonsa ne ya aike ni. An ce Funtua, yau."

"Ba inda za shi. A kai shi can a rubuta mashi mashayi, gobe a ji a Bakori, jibi a ji a Malumfashi? Ni da ake ba ni sahun gaba? Magani ne, kowa a garin nan yana sha."

Gwaggo Ladidi ta karɓe. "Mu da muka ga jiya, ba a taɓa kai shawara asibiti ba. Allura ɗaya in suka yi mashi, shi ke nan."

Na juya wajen Yaya. Tana durƙushe a bakin murhu tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Mansur kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya kwashe ledojin da suke kan tabarmarsa ya zuba a masai. Na roƙe shi, na tuna masa abin da Malam Almustapha ya faɗa, ya ce ya gwammace ya mutu. Washegari jikinsa ya kama kaɗuwa kamar mai zazzaɓin damina. Rana ta gaba ya fara kakkaɓe riga yana cewa kiyashi suna bin sa, ya daina gane mutane, daga baya ya faɗi yana sanƙarewa, kumfa a baki. Gwaggo ta ce iskoki ne, ya taka wani abu a gonar mutane. Aka rufe shi da bargo aka turara masa hayaƙi har ya kusa shiɗewa. Motar Alhaji tana ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, da safen nan ma ta kai taki Gozaki.

Amma magana ta riga ta fita. Waɗanda suka ga wuta a faranti ba su haɗiye ba. Manoma suka fara tsayawa a bakin shago suna tambaya a kaikaice. Wani tsoho ya dawo da ledojin da ya saya ya ajiye a kan teburi ya juya ya tafi. Liman da kansa ya aiko a kira Alhaji.

A nan ne na ga abin da ban taɓa zaton uba zai yi ba. Kafin Juma'a kwalayen sun ɓace daga shago. Bayan an sallame, Alhaji ya miƙe a gaban jama'a, mijina yana wurin, ya ce yana neman addu'a. Allah ya jarrabe shi da ɗa. Yaron ne, in ji shi, ya haɗu da abokan banza a Funtua, shi ya shigo da wannan kaya shago ya ce magani ne. Shi bai yi boko ba, ina zai san abin da aka rubuta a jiki? Ashe yaron ya daɗe yana sha a ɓoye. Har ya share ido da bakin rawani.

Mutumin da ya ce magani ne muddin kalmar tana kare shi, ranar da ta daina kare shi sai ya ce giya ce, ya ɗora ta a kan marar lafiya.

Kada ku ce mutane ba su sani ba. Sun sani sarai. Sun ga hannun da yake miƙa musu ledar, sun ji bakin da yake yi mata kirari. Amma su ma sun sha, wasu ma har da matansu masu ciwon mara. Idan Alhaji ya yi ƙarya, to rabin gari sun sha giya. Idan ya yi gaskiya, mashayi ɗaya ne a gari, kuma yana kwance ba ya iya magana. Suka zaɓi mai sauƙin. Aka ɗaga hannu aka yi wa Alhaji addu'ar haƙuri.

Da yamma Alhaji ya sa aka fitar da Mansur daga ɗakinsa aka kai shi ɗakin ajiyar taki da yake jikin zaure, wai kada ƙannensa su koya. Lokacin hankalinsa ya fara dawowa. Yana kwance yana jin Gwaggo tana gaya wa masu shigowa dubiya cewa ai mashayi sallarsa ta kwana arba'in ba ta karɓuwa, Allah dai ya sa kada ya cika a ciki.

Washegari na je da mijina da mai a-daidaita. Alhaji yana shago. Gwaggo ta tare ƙofa, na ce ta matsa ko in bi ta kanta, ta matsa. Muna ɗaga Mansur sai ga Yaya ta fito da zanenta mafi kyau, ta shimfiɗa a kujerar, ta koma ciki da sauri ba ta dube shi ba. Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma na san abin da zai biyo baya a gidan saboda shi.

A Funtua suka kwantar da shi, suka zuƙe ruwa daga cikinsa da ya yi tulu. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta kira ni waje ta ce me ya sa sai yanzu. Ta ce da an zo lokacin da ido ya fara rawaya, da da magana. Mun yi kusan mako biyu. Alhaji bai leƙo ba, ya dai aiko a gaya mini tunda na ɗauka sai in riƙe. Da ya fara aman jini, Mansur ya ce in mai da shi gida, ba ya son ya mutu a inda ba a san shi ba. Gidana na kawo shi.

Masara ta bushe a gona, ana shirin karya, lokacin da ya kira ni da wata murya da sai na sunkuya nake ji.

"Inna, ki kira mani Baba."

"Me za ka ce mashi?"

"Ba faɗa zan yi ba. So nake ya faɗa cewa shi ya ba ni. Ko a gaban Liman kaɗai. Ban saci sha ba, Inna, ban da abokai a Funtua, ko hanyar ban sani ba sai da kika kai ni. Kada a ɗauke ni ana cewa ga mashayi nan."

Na tafi shago. Na haɗiye duk abin da yake raina, na durƙusa a gaban mutumin nan, na faɗa masa saƙon kalma bayan kalma. Na ce ba wanda zai kai shi ƙara, ba wanda zai bi shi da komai, magana ɗaya ce yaron yake so ya tafi da ita. Ya gama sallamar wani mai sayen taki. Sannan ya ce zai zo bayan la'asar.

Ya kuwa zo, da Liman da wasu dattawa biyu. Da na ga Liman zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe dai jini jini ne. Na share ɗaki, na jingina Mansur da filo. Yaya ta riga su zuwa, tana bayan labule.

Alhaji bai zauna ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya dubi abin da ya rage na ɗansa. Mansur ya ɗaga ido yana jira. 

"Mansur," in ji Alhaji.

"Na'am, Baba."

"Ga Liman, ga dattawa, su ne shaida. Duk abin da ka yi mani, da kunyar da ka jawo wa gidana, na yafe maka duniya da lahira."

"Masha Allah," in ji Liman. Dattawan suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce samun uba irin wannan sai an tona.

Mansur ya dube ni. Ya sake duban ubansa. Yaro ne da aka yi wa tarbiyya, bai taɓa mayar wa babba magana ba, kuma bai fara a ranar ba.

"Na gode, Baba."

"Alhaji," na ce, "ba abin da ya kira ka ke nan ba. Ka faɗa masu wa ya fara yage mashi ledar."

"Malama Zakiyya," in ji Liman, "nan ba wurin tone-tone ba ne. Uba ya yafe, sai mu yi addu'a."

Suka shafa fatiha, suka sa takalma. Ina jin Alhaji a zaure yana tambayar ɗaya daga cikinsu ko ya samu masu karyar masara.

Mansur ya daɗe idonsa a rufe, har na ɗauka barci ya yi. Can sai ya ce, "Inna, kin ji? Ya yafe mani."

"Na ji."

"To me na yi mashi?"

Bayan labule Yaya ta toshe bakinta da zane, amma kukan ya fi ƙarfin zanen.

Washegari da hantsi ya cika. An yi masa salla a ƙofar gidan ubansa, mutane sun taru sosai, domin Alhaji mai jama'a ne. A wurin zaman makoki wani malami ya yi wa matasa nasiha a kan shaye-shaye, ya ce ga aya nan a gabansu, su dubi yadda yaro ɗan gidan mutunci ya kashe kansa da hannunsa. Iyaye suka riƙa nuna wa 'ya'yansu ƙofar gidan. Har yau idan aka ambaci Mansur a garinmu sai an rage murya an ce Allah ya gafarta masa, da irin sautin da ake yi wa wanda ake shakkar makomarsa. Idan aka ambaci Alhaji kuwa sai a ce bawan Allah mai haƙuri, wanda ya taka har gidan surukai ya yafe wa ɗansa a kan gadon mutuwa.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Amma ina wurin tun ledar farko, kuma ban yafe ba.